Kafin Ku Biya Kuɗin Masta



Tun da aka kafa Jami'ar Garwa a watan Janairun 2022, tambayar da na fi ji daga bakin waɗanda suka gama lisans ita ce: "Baba, in wuce masta a fannin kasuwanci, ko in tsaya haka?" A da, mai son irin wannan karatu sai ya hau tudun Ngaundere, inda jami'a take tun 1993, ko ya nufi Marwa wadda ta samu tata a 2008, ko kuma ya yi nisa har ESSEC ta Duwala, ya yi ta fama da kuɗin haya da abincin da bai saba da shi ba. Yau karatun ya zo har ƙofar gida. Yaro zai kwana a Yelwa ko Rumde Ajiya, ya yi asuba a masallacin unguwarsu, ya karya a gidansu, sannan ya tafi aji. Mu da muka ga zamanin da duk arewacin Kamaru babu jami'a ko ɗaya, mun fi ku sanin girman wannan ni'ima.

Amsata kullum ɗaya ce. Ku yi karatun, amma ku shige shi da sana'a a hannunku, ko da ta tebur ce.

Na lura da yawa daga cikin masu neman masta ba kasuwanci ne a ransu ba. Sun gama lisans, sun rubuta konkur ba su dace ba, zaman gida ya ishe su, sai su ce bari a ƙara shekara biyu a makaranta ko Allah zai kawo mafita. Ban ga laifinku ba. Zaman banza akwai ciwo, gorin dangi kuma ya fi shi ciwo. Amma ku dubi abin da idon basira. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2010 ya nuna kusan mutum 9 cikin 10 masu aiki a Kamaru suna cin abinci ne a sana'o'in da ba sa cikin littafin hukuma: noma, kiwo, tireda, ɗinki, acaɓa. Gwamnati ba ta da kujerun da za ta zaunar da ku duka. Wanda ya shekara biyu yana karanta yadda ake kafa ƙaramar sana'a da yadda ake tafiyar da ita, sannan ya fito ya koma layin masu jiran a sa su cikin albashi, to kuɗin mahaifinsa ne ya tafi, shi kuma ya ƙara shekara biyu a kan shekarunsa.

Tsarin da jami'o'inmu ke bi yanzu kun san shi: lisans shekara 3, masta shekara 2, sannan doktora. Mastar iri biyu ce. Akwai ta bincike, wadda ke kai mutum ga doktora da koyarwa, kuɗin rajistarta a jami'ar gwamnati shi ne sefa dubu 50 ɗin nan da aka sani tun gyaran 1993. Akwai ta sana'a, wadda ake cewa tana shirya mutum ya kama aiki kai tsaye, ita kuwa kuɗinta kan ninka wancan sau da yawa. Tsada ba ita ce shaidar kyau ba. Kafin mahaifinka ya kai sansa kasuwar Adumri don ya biya maka, je ka yi tambaya. Su wa ke koyarwa? A cikinsu akwai wanda ya taɓa biyan ma'aikata albashi daga aljihunsa a watan da ba a yi ciniki ba? Ina ake tura ɗalibai koyon aiki? Waɗanda suka fita bara da bara waccan, ina suke yanzu? In makaranta mai zaman kanta ce, a nuna maka izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, a faɗa maka jami'ar gwamnatin da ke tsaya wa takardunta. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ya riga ya ba ka amsa.

Kada kuma ku ɗauka zaman aji kawai yana ƙara wa ɗan kasuwa riba. Masana sun gwada. A birnin Lome na Togo an ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka koya musu darasin kasuwanci irin na littafi, wato lissafi da talla da kula da ma'aikata. Kashi na biyu aka horar da su kan himma, wato mutum ya fara abu da kansa ba sai an tura shi ba, ya hangi matsala tun ba ta iso ba, ya nemi abin da zai bambanta hajarsa da ta maƙwabcinsa. Kashi na uku aka bar su haka don a auna. Bayan an bi su fiye da shekara biyu, sakamakon da mujallar Science ta buga a 2017 ya nuna ribar 'yan kashi na biyu ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, ta masu darasin littafi kuwa da kashi 11, ƙarin da masanan suka ce ba a iya dogara da shi. A Jamhuriyar Dominika ma an yi irin wannan gwaji, aka buga shi a 2014. Darasin akanta cikakke bai sauya halin ƙananan 'yan kasuwa ba, amma 'yan ƙa'idoji masu sauƙi sun sauya, irin su a ware kuɗin shago a aljihu ɗaya, kuɗin cefane a wani, mai shago ya yanka wa kansa albashi, in ya ranci kuɗin shago ya rubuta ya mayar.

Ban kawo muku wannan don in rage darajar jami'a ba. Na kawo ne don ku gane cewa darasi yana kama jikin wanda yake da inda zai ɗora shi. Ɗalibin da ke da tebur na sayar da kayan waya a bakin babbar kasuwa, ran da malami ya yi bayanin kayan da suka kwanta a shago da yadda suke cin jari a ɓoye, shi caja ashirin ɗin nan da suka yi wata uku suna shan ƙura zai tuna, kuma gobe zai karya farashinsu ya fitar da kuɗinsa. Na kusa da shi, wanda bai taɓa sayar da ko ashana ba, zai haddace ya rubuta a jarrabawa ya manta. Wata malama a Jami'ar Bajiniya ta Amurka, Saras Sarasvathy, ta zauna da gogaggun 'yan kasuwa 27 tana sauraron yadda suke tunani, ta fitar da sakamakon a 2001. Ta tarar ba da hasashen ribar shekara biyar suke farawa ba. Suna duba abin da ke hannunsu, da mutanen da suka sani, da iyakar asarar da za su iya ɗauka ba tare da sun durƙushe ba, sai su taka. Za a koya muku wannan a aji da Faransanci, har da zane a allo. Duk tsohon ɗan kasuwar da ke zaune a Hausare zai ce muku ai haka ake yi tun kaka da kakanni.

Gaskiyarsa ne. Iyayenmu fatake sun yi makarantar kasuwanci tun ba a haifi jami'o'in nan ba, kuma makaranta ce mai azuzuwa. Yaro ya fara da shara da ɗaukar kaya a gidan maigida, a aike shi da kuɗi kaɗan a ga ko zai dawo da canji daidai, a bar masa rumfa ran Juma'a, a tura shi sari wani gari, sai bayan shekaru a yanka masa jari a sallame shi da albarka. Wani masanin al'umma, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda Hausawa ke sayar wa mahauta shanu bashi, dukiya mai yawa, babu takarda babu sa hannu, sai maganar maigida da dillalansa. Littafin ya fito a 1969 kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Irin wannan amana ce ta kafa unguwar Birkitari a Yawunde, ta kai shanun arewa har kudu, ta dawo da goro. Da tsohuwar zuma ake magani, don haka kada takarda ta sa ku raina mutumin da ke gane mai cin bashi tun daga sallamarsa.

Sai dai wannan makaranta tana da rauni guda babba, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa nake so wasunku su yi masta. Komai yana cikin kan maigida. Shi ya san wanda ake bi da wanda ke bin gidan. Shi ya san mai kawo kaya daga Duwala da sharaɗin da ke tsakaninsu, shi ya san wace mota ce tasa shi kaɗai, wacce kuma ta haɗin gwiwa ce da wani amininsa na Kusiri. Ran da ya kwanta dama, duk wannan ya bi shi kabari.

Na ga gidaje a garin nan, ba sai na kama suna ba, da aka san su da manyan motoci da sito cike da kaya, shekara uku bayan rasuwar mai gidan ko tayar mota ba ta rage ba. Ba wai 'ya'yan lalatattu ba ne. Abin da ke faruwa shi ne, bayan sadakar arba'in masu bin bashi su zo da shaidu, waɗanda ake bi kuwa su yi shiru, tun da babu inda aka rubuta. Sannan a zo rabon gado. Mota ba ta rabuwa gida goma sha, dole a sayar, kuma a sayar da gaggawa a farashin da mai saye ya ga dama. Shagon da ke ciyar da mutum talatin ya koma 'yan kuɗi a hannun kowa, wannan ya yi aure, wancan ya sayi babur, waccan ta ba mijinta ya juya. Masu kawo kaya da suka shekara ashirin suna ba gidan bashi su janye, domin da marigayin suka saba. Yaran shagon su watse. Abin takaicin, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Muna karanta ta a tafsirin azumi kowace shekara, da safe mu koma kasuwa mu ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne.

Maganin wannan yana cikin darasin da da yawanku ke gudu, wato dokar kasuwanci. Kamaru na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da aka ƙulla a 1993 don a daidaita dokokin kasuwanci. Nijar da Cadi suna ciki, Najeriya ba ta ciki, wannan ma abin sani ne ga mai hulɗa da Yola. A ƙarƙashin wannan doka mutum na iya mayar da harkarsa kamfani, irin wanda ake kira SARL, ya zama motoci da sito da sunan gida duk na kamfanin ne, shi kuma yana riƙe da hannayen jari. In ya rasu, hannayen jarin ake rabawa yadda shari'a ta tsara, kowane magaji ya san kasonsa, a naɗa manaja, mota ta ci gaba da lodi, a raba riba a ƙarshen shekara. Wanda ke son ficewa ya sayar wa 'yan'uwansa kasonsa. Ba a taɓa haƙƙin kowa ba, ba a kuma kashe kasuwancin ba. Tun dokar Disambar 2016, da jarin sefa dubu 100 ana iya kafa irin wannan kamfani a Kamaru, kuma akwai ofishin CFCE a nan Garwa da aka buɗe don a taƙaita wa mutane yawon ofisoshi. Wanda harkarsa ba ta kai nan ba, gyaran da OHADA ta yi a 2010 ya ba shi damar bayyana sana'arsa a rajistar kasuwanci kyauta, kuma an yi wa irinsa tsarin lissafi mai sauƙi na shiga da fita kawai.

Ku dubi gidan Alhasan Ɗantata a Kano. Fataucin goro ya fara da shi, ya shiga sayen gyaɗa, a 1929 ya kai kuɗinsa banki a lokacin da 'yan kasuwarmu ke binne nasu a ɗaka. Ya rasu a 1955, amma harkar ba ta mutu ba, domin an ɗora ta a kan kamfani kuma an horar da 'ya'ya a cikinta. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote, wanda ya yi karatun kasuwanci a Azhar ya fara da rancen kawunsa a 1977, shi ne mai masana'antar simintin da ta fara aiki a Duwala a 2015. Ba na cewa kowa zai zama Ɗangote. Ina cewa akwai bambanci tsakanin dukiyar da ke rayuwa shekara talatin da wadda ke ƙetare jikoki, kuma rabin bambancin takarda ce. Ɗan da ya je jami'a ya dawo ya shawo kan mahaifinsa aka rubuta basussuka, aka yi wa gidan rajista tun tsohon yana da ƙarfinsa, ya riga ya fanshe kuɗin mastarsa ko da bai ƙara komai ba.

Abu na gaba da aji zai ba ku shi ne lissafin da ba ya jin kunya. Ɗauki albasa, tun da kowa a nan yana ganin ya san ta. A ce ka sari buhu 100 lokacin da ta yi yawa, kowane dubu 10, miliyan ɗaya ke nan. Ka ajiye wata huɗu, farashi ya kai dubu 20, kowa a majalisa yana cewa ka ninka kuɗinka. Amma da aka buɗe rumbu, ruɓa da bushewa sun mayar da buhu 100 ya koma 70. Kuɗinka miliyan ɗaya da dubu 400. Cire hayar rumbu, da ladan masu tsince ruɓaɓɓu, da sababbin buhuna, da 'yan dako, da kuɗin mota, da la'adar dillali, da abin da ake bari a shingayen hanya, a ce dubu 250. In ka cire jarinka, abin da ya rage maka dubu 150, bayan miliyanka ya yi wata huɗu a kwance, kai kuma ba ka sa wa wahalarka farashi ba. Misali ne kawai na bayar, lambobin kowace shekara daban suke. Amma da yawa daga cikinmu sun tsufa suna irin wannan ciniki, suna ganin kuɗi na wucewa ta hannunsu suna kiran shi riba, har ran da jarin ya ƙare ba su san ta inda ya bi ba. Mai masta da ya san aikinsa zai gane cewa ribar albasa tana cikin buhu 30 ɗin nan da suka lalace, sai ya sa hankalinsa kan rumbu mai shan iska kafin ya sa shi kan farashi.

Sannan mu mutanen kan iyaka ne, kuɗi biyu muke rayuwa da su. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane ɗaya, naira kuwa tana yawo. A watan Yunin 2023 babban bankin Najeriya ya sake ta, daga wajen 460 kan dala a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ba da kaya bashi a Mubi da naira ya karɓa bayan wata shida, ya karɓi adadin da aka yi alkawari cif, amma rabin dukiyarsa ta tafi ba wanda ya sace. Wanda ke sayo kayan Najeriya da sefa a hannu kuwa ya sha daɗi. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur a can, masu sayar da fetur ɗin zuwa-zuwa a bakin titunanmu suka wayi gari lissafinsu ya rikice. Kafin nan an rufe iyakar Najeriya ta ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Mu kuma mun ga Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, mai bashin kayan waje ya tashi da bashi ninki biyu. Babu ɗayan waɗannan da aka shawarci ɗan kasuwar Garwa kafin a yi, amma yawancinsu an yi ta maganarsu a jaridu da rahotannin bankuna kafin su faru. Wanda ya iya karanta irin waɗannan takardu ya fassara wa gidansu, ya ce a daina ba da dogon bashi da naira, ko kada a zuba jari duka a hanya ɗaya, ya yi aikin da yaran shago goma ba za su yi ba.

Ku je bakin Binuwai ku dubi tsohuwar tashar jiragen ruwa. Akwai lokacin da auduga da gyaɗa ke bin kogin nan da damina su ratsa Najeriya har teku, gishiri da siminti da mai su hauro. Yaƙin Biyafara ya katse hanyar daga 1967, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 kaya suka juya kudu, aka gama madatsar Lagdo a 1982, yashi ya ci gaba da cike kogin. Masu harkar da suka hangi juyin da wuri sun sayi motoci. Sauran sun zauna jiran jirgi.

Maganar jari ba zan tsawaita ba, don na san ita ce kukan kowa. Akwai bankin ƙananan masana'antu na gwamnati, BC-PME, da hukumar APME, akwai gidauniyar Tony Elumelu da ke ba matasan Afirka dala dubu 5 tun 2015. Ku nema, ba laifi. Amma na ga yaran da suka mayar da rubuta tsarin kasuwanci don gasa ya zama shi ne sana'arsu, sun iya zuba bayani a gaban alƙalai, ba su taɓa sayar wa baƙo komai ba. Jarin farko na yawancin mutane daga gida yake fitowa, daga adashin uwa ko aljihun kawu. To ku ɗaure shi da ƙa'ida. Malamanmu na zaure suna karantar da hukuncin ƙiradi a cikin Risala: wannan ya kawo dukiya, wancan ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yarda tun farko, in an faɗi ba da sakaci ba asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Wannan tsari ya fi bashin ruwa dacewa da sabuwar sana'a, kuma ya raba ku da abin da zuciyarku ba ta natsu da shi ba. Ku rubuta shi, ku sa shaidu biyu, ko da da yayan mahaifiyarku ne. Zumunci da yawa ya mutu a kan jarin da ɗaya ya ɗauka kyauta ce, ɗaya ya ɗauka rance ne.

In lokacin rubuta kundin kammalawa ya zo, ina roƙonku kada ku kwafo batun wani kamfanin Faransa daga intanet. Ga SODECOTON a gabanku, hedikwatarta a garin nan tun 1974, tana ba dubban ƙungiyoyin manoma taki da iri bashi, 'yan ƙungiya su tsaya wa juna, a cire a kuɗin auduga. Me ya sa wannan bashi ke dawowa, na wasu wurare ba ya dawowa? Ga man Diamaor da dusar auduga da masu kiwo ke rububi, wa ke cin ribar rarraba su? Ga kasuwar Pitowa ta ran Lahadi, ga gyaɗar Gidar, ga kifin Lagdo da ke lalacewa kafin ya isa kasuwa, ga kilishin da ake kai wa Yawunde tsaraba a cikin takarda ba suna ba adireshi. Kowane ɗaya kundi ne, kuma kundin da za ka iya mayarwa sana'a washegarin kare shi. Amma sai kun cire takalmi kun zauna a tabarmar masu abin, kun yi tambaya da Fulatanci da Hausa, kun jure a yi muku dariya a makon farko.

'Ya'yana mata, ku ma da ku nake, har ma na fi sa rai a kanku. Kasuwanci nawa ne ke gudana a bayan katanga a unguwanninmu? Man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, turaren wuta, ɗinki, abincin sayarwa, duk iyayenku mata ke yi, kuma ƙafarsu ita ce 'yar talla, yarinyar da ya kamata a ce tana aji. Yau akwai WhatsApp, akwai Orange Money da MTN MoMo, akwai mai babur da zai kai saƙo. 'Yar da ta yi karatu ta zauna da mahaifiyarta, ta auna mata nawa kwalbar mai ke ci tun daga gyaɗa har itace, ta samo mata masu saye na dindindin a shaguna, ta sauke farantin talla daga kan ƙanwarta ta mayar da ita makaranta, ni a wurina ta fi mai lambar yabo ta jami'a. Kuma ku riƙe dukiyarku da sunanku, a rubuce. Shari'a ta ba ku wannan, kada kunya ta ƙwace muku.

Saura ladabi. Ran da ka dawo da takardarka, kada ka shiga shagon mahaifinka kana gyara masa magana a gaban yaransa. Mutumin nan da kake gani bai san sunan abin da yake yi da Faransanci ba, amma da shi ya biya maka makaranta. Kada ka ce masa tsarinsa ya tsufa. Ka roƙe shi ya bar maka abu ɗaya, littafin bashi misali, ka riƙe shi wata shida da gaskiya. Ran da ka nuna masa kuɗin da ya manta yana bin wani, ka karɓo ka damƙa masa, da kansa zai miƙo maka makullin sito. Tsofaffin yaran shagon kuma, waɗanda suka goya ka, ka girmama su, don sun san abokan ciniki da halinsu, kai kuwa sunayensu kawai ka gani a takarda. In ka ga abin da ba daidai ba a lissafi, ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i. Akwai kuma abin da zai yi da littafinku zai kira asara, kamar yafe wa gwauruwa bashi ko ciyar da almajirai a ƙofar shago. Kada ka hana shi. Ka buɗe masa shafi, ka rubuta shi da sunansa na sadaka, a fitar da zakka da lissafi, don a san abin da aka bayar domin Allah da abin da ya zube ta ɓarakar aljihu.

Wanda ke da niyyar rajista bana, ya sayi littafi mai layi tun yau, ya fara rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita a sana'ar da ke hannunsa, ko tasa ko ta gidansu. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya nemi maigida a kasuwa ya yi masa wata shida, ko ba a biya shi ba, jami'a ba za ta gudu ba. Iyaye kuma, in yaro ya zo neman kuɗin masta, ku ce ya kawo littafin nan ku gani kafin ku kwance bakin jaka. Allah ya ba ku sa'a, ya sa albarka a abin da za ku karanta. Ku gaishe mini da mutanen gida.